Auna Lafiyar Tsofaffin Bindigogi da Aka Sabunta: Nazari a kan Wurno, Rabah da Goronyo

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ake gane ko bindigar da aka yi wa kwaskwarima tana da aminci ga mai riƙe da ita. Dalilinmu kuwa shi ne halin da gabashin Jihar Sakkwato ya shiga. Tun daga harin Tabanni ta ƙasar Rabah a watan Yuli na 2018, zuwa na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe mutum fiye da 40, bindiga ta koma abin nema ga maharba da 'yan sa-kai. Galibi abin da talaka yake samu tsohon ƙarfe ne, ko ƙirar maƙera, ko kuwa haɗin gambiza na biyun. Abin tambaya shi ne: wa ya auna ta kafin a ɗora ta a kafaɗa?

Wurare Uku da Haɗari ke Ɓoyewa

Za mu buga misali da Lee-Enfield mai lamba 4, mai cin harsashi .303, wadda sojan Ingila suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, 'yan sandan Nijeriya kuma suka daɗe suna riƙe da ita.

Na farko, cikin bututu. Tsohon harsashin soja yana barin wani gishiri wanda ke jawo laima, tsatsa ta riƙa cin ƙarfen daga ciki har ta yi masa ramuka. Ana iya goge bayan bindiga, a sake mata ƙota, a shafe ta da mai ta yi ƙyalli, alhali cikinta ya ruɓe. Bututun da ya kumbura, ko ya tsage, ko aka toshe da walda, ya gama aiki, babu gyaran da zai mayar da ƙarfinsa.

Na biyu, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi. A ƙa'idar sojan Ingila, wannan tazara ba ta gaza inci 0.064 ba, ba ta kuma wuce inci 0.074 ba. Bambancin bai fi kaurin fallen takarda uku ba, watau ido ba ya ganinsa, sai da ma'auni na musamman. In ta yi yawa, kwanson harsashi yana iya tsagewa, wuta ta dawo fuskar mai harbi. Shi ya sa ake buga lamba ɗaya a jikin sakata da gangar bindiga. In lambobin suka saɓa, an aro sakatar wata ke nan, tilas a sake awo.

Na uku, dacewar albarushi da ƙarfe. Wannan ya fi shafar bindigar toka, wadda sau da yawa da bututun ruwa ake ƙera ta. Irin wannan bututu ba a yi shi don ɗaukar matsi ba, albarushin zamani marar hayaƙi kuwa ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa. Haɗa su biyun yana fasa bindiga a hannun mai ita, ya rasa yatsu ko ido, ko ransa.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

A Ingila, tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham. Ana harba bindiga a killataccen ɗaki, babu mutum kusa, da harsashin da ya fi na kullum matsi, sa'an nan a sake duba ta. In ta jure, a buga mata hatimi. Wadda aka yi wa babban gyara sai ta koma gwaji kafin a sayar da ita. Hikimar ita ce, in za ta fashe, ta fashe a can.

Matsayin Doka a Nan Gida

Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashi .303 cikin haramtattu, ba a riƙe ta sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Har ila yau ta hana ƙira da gyara sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati, ko da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ga kuma masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, amma aikinta na hukumomin tsaro ne. Sakamakon haka, bindigar da ta fi bukatar gwaji ita ce mai ita ke tsoron fitowa da ita.

Kammalawa

Muna ba da shawara uku. A yi wa maƙera rajista bisa izinin da doka ta riga ta tanada. Duk bindigar da za a ba jami'an tsaron al'umma da jihar ta ƙaddamar a 2024, masanin makamai na 'yan sanda ya auna ta ya sa mata hatimi. Sa'an nan a buɗe ƙofar miƙa bindigar da ta lalace ta hannun hakimai, ba tare da fargabar kamu ba. Mutumin Wurno da ya fita tsaron gonarsa, bai kamata abin da ya rataya ya zama farkon mai cutar da shi ba.