Malamin asibiti ma yana bukatar tilawa

Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga jijjiga, ido ya kakkafe, maganin da ake dogaro da shi wajen ceto ransa yana zuwa ne a 'yar kwalba, garin hoda miligiram 60, sunansa artesunate. Haɗa shi aiki ne mai ƙa'ida. Malamin asibiti zai zuƙi mililita 1 na ruwan bikabonat ya zuba a kwalbar, ya girgiza har ruwan ya washe, domin in yana nan da duhu-duhu ba a yin allura da shi. Sai ya ƙara ruwan gishiri, mililita 5 in ta jijiya za a bayar, mililita 2 in ta tsoka ce. Daga nan sai lissafi bisa nauyin yaro, kuma abin da ya yi saura ba a ajiye shi don allura ta gaba, zubarwa ake yi.

Wanda ya gama makarantar koyon aikin jinya kafin 2010, kinin aka koya masa. A shekarar ne aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara: cikin waɗanda aka yi wa kinin, kashi 10.9 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda aka yi wa artesunate kuwa kashi 8.5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta a 2011. Wanda ya koyi sabon maganin a lokacin an gaya masa miligiram 2.4 ne ga kowane kilo. Sai a 2015 hukumar ta sake gyara, ta ce yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 ga kowane kilo, saboda an gano jikin ƙananan yara ba ya riƙe maganin kamar na manya. Yaro mai kilo 9, a tsohon lissafi miligiram 21.6 zai samu, a sabon 27. Cikin shekara biyar ƙa'idar allura guda ta sauya sau biyu, takardar shaidar da ke rataye a bango kuwa tana nan yadda take.

Madarunfa wuri ne da wannan magana ba ta da nisa da kowa. Garin yana kilomita 20 da ɗoriya kudu da Maradi, a bakin tafkin nan da aka sani da kushewun waliyyai, gundumar kuma ta miƙe har Ɗan Isa, bakin iyaka da Jibiya. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro kuma ya yi yawa, tamowa da zazzaɓi suna zuwa a tare, sau da yawa a jikin yaro ɗaya. Uwaye suna zuwa daga Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, wasu kuma suna tsallako iyaka daga ƙauyukan Katsina. Ƙungiyar MSF ta daɗe tana tallafa wa ɓangaren yara a wannan gunduma. A wannan zangon ne ake ƙara gadaje, ake ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ake tsayuwar dare har gari ya waye. Wato lokacin da aikin ya fi wuya shi ne lokacin da hannun sababbi ya fi yawa a cikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma na cutuwa a yayin da ake yi masa magani, kuma a asibitocin ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ana samun irin wannan cutuwa sau miliyan 134 a shekara, mutum miliyan 2.6 na rasa ransu. Shi ya sa tun 2019 aka ware ranar 17 ga Satumba don tunawa da kare mara lafiya. Ni dai ban cika son a tsaya kan waɗannan alƙaluma ba, sun yi girman da ba sa nuna wa kowa abin da zai gyara gobe da safe. Akwai binciken da ya fi kusa da mu. A 2011 aka buga sakamakon wani nazari kan yara 55 da aka kwantar saboda tamowa a Maradi. Ranar shigarsu, kusan kashi ɗaya bisa uku ne ke ɗauke da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani a hanjinsu. Cikin waɗanda suka shiga ba su da su kuma aka sake gwada su lokacin fita, fiye da tara cikin goma sun fita da su. Irin waɗannan ƙwayoyi ta hannu suke yawo, da kofi, da ma'aunin zafi, da tabarmar gado. Babu ma'aikacin da bai san a wanke hannu ba. Abin da ake koyo a maimaita shi ne yaushe, da yadda za a yi shi a ɗakin da yara 40 ke kuka a lokaci ɗaya.

Haka batun ƙarin ruwa. Shekaru da dama ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannuwa suka yi sanyi, a ɗura masa ruwa da sauri. Gwajin da aka yi a Uganda, Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000, wanda aka bayyana a 2011, ya nuna akasin haka: cikin kwana biyu, kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ɗurin gaggawa sun rasu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 7.3. Likitocin da suka yi gwajin su kansu sun girgiza, domin da idonsu suna ganin yaran kamar sun farfaɗo bayan ɗurin. Yaro mai tamowa kuwa zuciyarsa ta riga ta raunana, ruwan da ya wuce kima yana iya cika masa huhu. Ga uwa a tsaye tana roƙon a sa wa ɗanta ruwa, don a ganinta shi ne babban magani. Malamin da bai san dalilin ƙa'idar ba, da wuya ya iya tsayawa a kanta a gaban wannan roƙo.

Ɗakin hoto, wanda mutane ke kira radiyo, shi ne inda aka fi mantawa in ana zancen horo, alhali nan ne kuskure ba ya nuna kansa. Hasken da Röntgen ya gano a 1895 ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, illarsa kuma in za ta zo sai bayan shekaru. A ma'aunin hasken da jiki ke sha, hoton ƙirji guda kimanin milisiba 0.1 ne, kusan daidai da hasken da kowane ɗan Adam ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin mako biyu, tunda matsakaicin wannan a duniya milisiba 2.4 ne a shekara. Ba abin tsoro ba ne, kuma yaron da ake zargin tarin fuka, wanda bai iya tofar da majina a gwada ba, hoton nan yana iya zama abin da zai sa a fara masa magani. Amma hoton ciki na sikana yakan kai milisiba 8 zuwa 10, kusan hoton ƙirji 100. Jikin yaro kuma ya fi na babba jin hasken, ga shekaru masu yawa a gabansa da illar za ta samu damar fitowa.

Ga wani abu da sauyin na'ura ya kawo. A zamanin fim, in mai ɗaukar hoto ya ba da haske fiye da kima, fim ɗin baƙi ƙirin yake fitowa, nan take ya san ya wuce gona da iri. Na'urar zamani mai kwamfuta gyara hoton take yi da kanta. Ko an ba jariri hasken da ya dace da ƙaton magidanci, hoton zai fito tangaran, har ya fi kyau. Saboda haka mai ɗaukar hoton da ba a sake koyar da shi ba yana iya shekara yana ba yara haske mai yawa, kowa na yaba aikinsa. Dole a nuna masa lambar da na'urar ke bayarwa bayan kowane hoto, wadda ke faɗin ko hasken ya yi yawa, a koya masa rage ƙarfi bisa girman jiki, da tsuke tagar hasken ta tsaya kan ƙirji kawai, maimakon a haska jariri tun daga kai har gwiwa. Hatta ƙyallen darma da aka saba ɗora wa mara lafiya a ƙasan cibiya, ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka a 2019, da ta Ingila a 2020, sun ba da shawarar a daina yinsa a matsayin al'ada, domin yakan rufe abin da ake son gani a sake hoto, ko ya ruɗi na'ura ta ƙara haske.

Shi ma ma'aikacin yana da haƙƙi. Iyakar da aka amince da ita a duniya ita ce milisiba 20 a shekara, in aka daidaita kan shekara biyar, kuma ana auna ta ne da ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a riga. A Nijar hukumar ARSN ce ke da alhakin sa ido kan irin waɗannan na'urori. Ƙa'idar nisa mai sauƙi ce: in ka ninka tazararka da tushen hasken, abin da zai same ka ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Shi ya sa ba malamar jinya ɗaya ce za ta riƙa riƙe kowane yaro kullum ba. Uwa ko uba ne za su riƙe, sanye da rigar darma, bayan an tabbatar uwar ba ta da juna biyu.

Wannan tabbatarwa ma sai an koya. Mace mai ƙaramin ciki ba za ta faɗa wa namiji baƙo ba, balle a gaban uwar miji. Sai an ja ta gefe, mace ta tambaye ta, kuma ta hanyar tambayar yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Haka sunan yaro. Uwa tana jin kunyar ambatar sunan ɗan fari, sai ta faɗi laƙabi, takarda kuma tana ɗauke da sunan yanka. A ɗaki ɗaya ana iya samun Nana uku da Sani huɗu, ga Hasan da Husaini a gado ɗaya. Suna kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da sunan uwa, da ƙauye, da lambar da ke ɗaure a hannun yaro. Sai layu da guru da wuri a ƙirji, waɗanda ke fitowa a hoto su rufe huhu. In aka roƙi uwa cikin mutunci ta cire su ta riƙe a hannunta kafin a ɗauka, an tsira daga sake haska yaron.

A ganina wurin da ya fi haɗari shi ne tsakanin ɗakin kwanciya da ɗakin hoto, ko a cikin asibitin gunduma ne ko a kan hanyar zuwa manyan asibitocin Maradi. Yaro mai tamowa yana shan madarar F-75 duk bayan awa biyu ko uku. In ya zauna a layi ya tsallake sha biyu, sukarin jininsa na iya faɗuwa. In aka tuɓe shi aka bar shi a ɗaki mai sanyi, jikinsa ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. In yana kan iskar oksijin aka cire don a ɗauke shi, minti goma suna da yawa. Mai jinya yana ganin ya miƙa, mai hoto yana ganin aikinsa hoto ne. Don haka nake ganin kuskure ne a horar da su daban-daban. A zaunar da su tare, su bi hanyar da yaron ke bi ƙafa da ƙafa, su yanke wa zai riƙe me.

Yadda aka saba horo a ƙasashenmu shi ne taron kwana uku ko biyar a babban gari, da allo, da kuɗin zama. Galibi majo ne, wato shugaban ma'aikatan jinya, ko wani babba ke zuwa, da niyyar in ya dawo ya sanar da saura, sai aiki ya sha kansa. Mai tsayuwar dare da ma'aikacin wucin gadi, waɗanda su ne ke haɗa allurar, ba su ga komai ba. A Nijeriya hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ɗaura sabunta lasisi da halartar kwas, wanda mataki ne mai kyau, ko da yake takardar halarta ba ta nuna abin da hannu ya iya.

Asibitin Haydom da ke karkarar Tanzaniya ya gwada hanyoyin biyu. An yi wa ungozomomi kwas na yini guda kan farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba. Da aka gwada su a kan 'yar tsana bayan watanni sun nuna sun iya, amma a ɗakin haihuwa aikinsu bai sauya ba. Daga 2011 sai aka ajiye 'yar tsanar a ɗakin haihuwa, kowa na maimaitawa na 'yan mintoci a kai a kai. Mutuwar jarirai a yinin farko ta sauka daga 11.1 cikin 1,000 zuwa 7.2. Mahaddaci ya san wannan tun tuni, wanda ya bar tilawa hadda takan zube masa. Sai dai karatun asibiti ya ƙara da cewa shi kansa abin da aka haddace yana sauyawa.

Akwai sharaɗi guda da in babu shi duk wannan ba zai yi aiki ba. Malamar da ta ba yaro maganin wani yaron, in ta san faɗin gaskiya zai jawo mata tsawa a gaban jama'a ko asarar kwantiragi, shiru za ta yi, gobe wata ta faɗa ramin. Zaman mako-mako da ake duba abin da ya faru, ana tambayar me ya sa wasu kwalabe biyu suke kama da juna kuma suke waje ɗaya, me ya sa mutum ɗaya ke kula da gadaje masu yawa haka, ya fi kowane kwas koyarwa, kuma majo da babban likita ne za su fara kawo nasu.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maradi tana da tsangayar kiwon lafiya, kuma tafiyar ba ta kai awa guda ba. Malamanta da ƙwararrun masu hoto na manyan asibitocin birnin suna iya zuwa Madarunfa da Ɗan Isa su koyar a gefen gado. Lokacin da ya dace shi ne Mayu da Yuni, kafin ruwa ya zauna, sannan a sake wa duk wanda aka ɗauka aiki a Agusta kafin a bar shi shi kaɗai da dare.