Kafin A Ɗora Wa Keke Inji, A Dubi Ƙashinsa

 

A ƙasar Adar, wanda ya taɓa ɗauro buhun albasa a bayan keke daga kwarin Tarka, ko ya taso daga Karofan zai ci kasuwar Buza, ya san wuraren da dole a sauka a tura. Ga hawa, ga duwatsu, ga iska. Kuɗin babur kuwa ba kowa ke da su ba. To akwai wani ɗan inji ƙirar ƙasar Sin da ake ɗaura wa keke, yana zuwa a kwali da tankinsa na kusan lita 2, da sarƙa, da salansa. A jikin kwalin sukan rubuta 80cc, amma galibi ainihin girmansa 66 ne. Dabarar ta daɗe a duniya: a shekarar 1946 Soichiro Honda ya soma ne da ɗora rarar injinan soja a kan kekuna a Japan, a shekarar kuma aka fara sayar da keke mai inji na VéloSoleX a Faransa.

Abin da nake roƙonku yau guda ne. A zaɓi keken kafin a sayi injin.

Ɗan'uwa, tsaya a gefen kekenka ka duba. Tsakanin sirdi da kai da feda akwai ƙarafa uku da suka haɗu suka bar fili a tsakiya. A cikin wannan fili injin yake zama, an ɗaure shi a ƙarfen da ya gangaro daga kai, da wanda ke ɗauke da sirdi. Tanki kuma yana kwanciya a kan sandar sama. Saboda haka keken mata, wanda ba shi da sandar sama, ya fita daga lissafi. Haka ma keken yara, da wanda aka sa wa sifirin a tsakiyar ciki. Ka ɗauki tef ka auna daga wurin feda zuwa sandar sama: in bai kai kamar santimita 25 ba, fulogi zai tokare. Kaurin bututun kuma ya zama wajen milimita 25 zuwa 29, kuma zagayayye, domin da irinsa aka yi maɗaurin.

Sai batun ƙarfen kansa, kuma a nan ne zan daɗe. Kekunan gwanjo da ke shigowa suna da kyan gani, ga fenti, ga giya, ɗan yaro ma ya ɗaga su da hannu ɗaya. Da yawansu na alminiyam ne. Shi kuwa wannan inji jijjiga gare shi, ba ya hutawa muddin yana aiki. A haɗa da hanyoyinmu na jar ƙasa masu tsakuwa, irin waɗanda aikin raya karkara na Keita ya buɗe bayan kafa shi a 1984, sai a ga keke yana shan girgiza ta sama da ta ƙasa a lokaci guda. Alminiyam in ya gaji yakan tsage a bakin walda, wani lokaci ba tare da ya lanƙwasa ya ba ka alama ba. In kuma ya tsage, mai waldar unguwa ba lalle yana da kayan haɗa shi ba. Baƙin ƙarfe ya fi haƙuri, kuma kowane mai walda daga Madawa har Tamaske ya san yadda zai yi da shi. Ni dai in aka tambaye ni, tsohon baƙin keke irin na iyayenmu, su Raleigh da Phoenix, shi zan nuna. In kana shakka a kasuwa, ka je da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika a aljihu. Ya kama, ƙarfe ne. Ya zame, ka wuce gaba.

Don Allah kada a huda ƙashin keke wai don noti ya shige. Daga wannan ramin tsaga take somawa.

Ƙafar baya ita ce baiwar Allah a wannan aiki. Faifan haƙora na injin, wanda yawanci haƙoransa 44 ne, a jikin wayoyin ƙafar ake matse shi da roba ta gefen hagu. Duk ƙarfin injin ta nan yake bi, ga nauyinka, ga buhu a kariya. A nemi ƙafa mai wayoyi 36 masu kauri, a kai wa mai gyara ya ɗaure su daidai, ya tabbatar faifan ba ya rawa. In ya karkace ko kaɗan, sarƙa za ta riƙa zamewa, tana iya faɗawa cikin wayoyin ana tsakiyar gudu.

Baƙin keken da na yaba yana da aibinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba: birkinsa na sanda an yi shi ne don tafiyar feda. Da inji keke yakan kai kilomita 35 ko 40 a awa. Ku tuna gangarar da ake yi daga saman dutse zuwa kwarin Majiya, ga kaya a baya, ko ranar damina da ƙafa ta jiƙe roba ba ta kamawa. Birkin gaba da na baya duka su zama lafiyayyu, a sa musu sabuwar roba. A duba notin madigadi kowace safiya, domin jijjiga na kwance shi, in kuwa na gaba ya faɗa cikin taya, mutum ta kai zai sauka. A nemi hular kwano ko da ta hannu ce.

Makon farko kada ka ɗora kaya. Ka yi 'yan zagaye a cikin gari, ka dawo ka kashe injin, ka bar shi ya huce. Sannan ka goge ƙura, ka bi bakin kowace walda da ido da ɗan yatsa. In ka ga fenti ya yi siririn layi kamar gashi, jingine keken, sai mai walda ya gani.