Sikila: laujen da ke ɓoye cikin kalma

Ran nan a wani gidan suna a unguwar Birni, cikin Damagaram, na ji ana gardama a kan ciwon wani yaro ɗan shekara huɗu da ke kwance a cinyar kakarsa, idanunsa sun yi ɗorawa. Kakar ta ce amosanin jini ne, irin wanda ya ɗauke mata 'ya'ya biyu tun zamanin Shugaba Diori. Uwar yaron ta ce, "A'a Inna, lokotoro ya ce emasi ne." Sai wata baƙuwa da ta zo daga Kano ta leƙa fuskarsa, ta ce, "Wayyo, ai sikila ne." Kowacce da gaskiyarta, don ciwon ɗaya ne. Amma sunan da baƙuwar ta faɗa shi ne ke neman cinye sauran, har a bakin yaranmu da ba su taɓa karanta Ingilishi ba.

Ba abin mamaki ba ne. Tsakanin Damagaram da Kano bai kai kilomita 250 ba, kuma fatake na bin wannan hanya tun kafin zamanin Sarki Tanimu. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, daga baya suka mai da shi babban birnin mulkinsu na Nijar har 1926, suka bar mana lakwal da lokotoro, amma ba su iya tare maganar da ke shigowa ta Magaria da Matamaye ba. Da a bayan raƙumi da jaki take zuwa, yanzu a finafinan Kano da gidajen rediyo da wayar hannu.

Da yawa daga cikin masu ɗan jin Ingilishi suna zaton sikila daga kalmar "sick" ta fito, wato maras lafiya. Kuskure ne, kama da wane ba ta wane. Tushenta "sickle", kuma ma'anarta lauje, wannan dai laujen da ake yankan ciyawa da shi. A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya ba da rahoton jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada mai suna Walter Clement Noel. A madubin likita an ga jajayen ƙwayoyin jininsa, waɗanda ya kamata su zama kewayayyu kamar faifai, wasu sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. A 1922 wani likitan, Verne Mason, ya raɗa wa ciwon suna da wannan siffa. Faransawa ma laujen suka bi: sunansu na asibiti, direfanositoz, daga kalmar Girkanci ta lauje aka ƙera shi. Emasi kuwa da muke faɗa a Nijar, asalinta a Faransanci ƙwayar jini ce kawai, wadda kowa ke da ita a jikinsa, mai ciwo da lafiyayye.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, da muka ari kalmar, sai muka ɗauki kwanon muka zubar da tuwon. Da an ce wa kakar nan "ciwon lauje", da rabin bayanin ya shige ta nan take. Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, tana lanƙwasa ta ratsa siraran jijiyoyin da suka fi gashi ƙanƙanta. Ta mai wannan ciwo, idan iskar da take ɗauke da ita ta ragu, sinadarin da ke cikinta yana sandarewa, ta ƙage, ta maƙale. Ɗaya ta maƙale, ta biyu ta hau kanta, hanya ta toshe, naman da ke gaba ya rasa jini. Wannan ne azabar da yaro ke birgima a kanta yana cewa ana sara masa ƙashi. A jarirai, daga wajen wata shida, sau da yawa kumburin yatsun hannu da na ƙafa ne alamar farko. Ga kuma gajeren kwana: ƙwayar jini ta lafiyayye tana kai kwana 120, mai lauje ba ta cika wuce kwana 10 zuwa 20 ba. Shi ya sa jini ke ƙaranci kullum, ragowar ƙwayoyin da suka mutu kuma su rina ido. Sanyin hunturu, ƙishirwar bazara da zazzaɓin damina duk suna tayar da ciwon, mu kuwa a Damagaram babu wanda ba mu da shi a cikin ukun nan.

Akwai wata matsala a yadda ake amfani da kalmar. A Ingilishi, "sickler", wato sikilar tamu, mutumin ake nufi, ba ciwon ba, kuma likitoci da masu ciwon da dama a Ingila da Amurka sun daina yarda da ita, suna ganin tana shafe mutum ta bar ciwonsa. Mu mun haɗa duka biyun. Muna cewa "yana da sikila", muna kuma cewa "sikila ne". Daga nan ta zama baƙar magana: duk yaron da ya rame, ko budurwar da ke yawan kwanciya, sai a ce sikila. Na san wadda aka fasa aurenta kan wannan kalma, alhali ko sau ɗaya ciwon bai taɓa kayar da ita ba.

Ita mai AS ce, kuma nan ne ruɗanin ya fi yawa. Kowane mutum yana gadon harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai SS shi ne mai ciwon. Akwai kuma wani nau'in ciwon, SC, wanda ake samu a Afirka ta Yamma. Mai AS yana ɗauke da irin ne kawai, lafiyarsa lau, har ma a 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna cewa irin yana kare yaro daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Dalilin yawansa a ƙasashenmu ke nan: a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a can duk shekara. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS. A kowane ciki, na maimaita. Ba rabo ba ne da za a ce tun da na fari ya ɗauka, uku na baya sun tsira.

A nan Nijar akwai ƙarin tarko a takardar awo. Gwajin Emmel, wanda aka daɗe ana yi saboda arha, yana nuna akwai lauje a jini, amma ba ya bambance AS da SS. Sai uwa ta ga an rubuta "positif" ta ɗora hannu a ka, alhali ɗanta ƙalau yake. Gwajin da ake kira elaktiroforez shi ne ke fito da haruffan ɓaro-ɓaro.

Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta awon jini kafin ɗaurin aure, har da na wannan iri. Mu muna da cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai, muna kuma jin jawabai duk 19 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa. Yamai kuwa ta yi wa ɗan Damagaram nisan kusan kilomita 900. Don haka roƙona ga iyaye da waliyyai da limaman da ke ɗaura aure, daga Zango har Birni: kafin a raba goro, a tura yaran likita, a kuma faɗa wa ma'aikacin awo cewa haruffan ake so a gani a rubuce.