Ɗalibin Malanta da Baƙin Kalmomi a Ƙasar Kazaure

A cibiyoyin da ake horar da masu koyar da yaƙi da jahilci a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato yankin da ya haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da kuma Babura ta masarautar Ringim, abin da ya fi cin lokacin ɗalibi a makonnin farko shi ne kalmomin da bai taɓa ji ba, duk da cewa Hausa ce harshen da ya tashi da shi. Rukuni na farko shi ne keɓaɓɓun kalmomi, wato waɗanda masana suka ware domin wani fanni, irin su gaɓa, wadda ita ce yankin kalma da ake furtawa a bugu ɗaya, da ƙirar kalma da ginin jimla. Waɗannan ba su cika wahalar da wanda ya yi makarantar allo ba, domin ya riga ya wuce babbaƙu, inda ake koyon haruffa tsurarsu, ya shiga farfaru, inda ake ɗora musu wasulla, saboda haka sabon suna kawai yake bai wa tsarin da ya daɗe da sani.

Wahalar gaske tana cikin rubutun boko kansa, wanda ba ya nuna tsayin wasali, ba ya kuma nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya da ke bambanta ma'ana. Haruffa huɗu ne ke rubuta garin da mutane ke zaune da garin da ake tuƙa tuwo da shi, kuma mai karatu yana raba su ne kawai don ya san kalmomin tun kafin ya gan su a takarda. Idan ɗalibi ya ci karo da tsohuwar kalmar sarauta ko ta noma ko ta kiwo da bai taɓa jin an furta ba, haruffan ba za su gaya masa yadda ake faɗinta ba, kuma ranar da ya tsaya gaban dattawa ya karanta ta a karkace, za su gane nan take, ko da kuwa ba su iya riƙe alli ba. Wannan ne ya sa masu horarwa ke nace wa karatu a bayyane, kowa yana sauraron ɗan'uwansa, da kuma komawa ga ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna tsayin wasali da karin sauti, yakan kuma faɗi yankin da kalma ta fito, yayin da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yake bayyana Hausa da Hausa, abin da ya fi dacewa da malamin da zai yi wa manoma bayani.

Sai kuma batun karin harshe. An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci, ita ce kuma aka bi a littattafan da hukumar NORLA ta riƙa bugawa a Zariya a shekarun 1950, lokacin gangamin yaƙi da jahilci na Jihar Arewa. Amma yankin nan yana jingine da ƙasar Daura da Katsina, kuma Nijar ba ta da nisa, don haka malami zai iya samun mai cewa “tahi” inda littafi ya rubuta “tafi”, ko wanda ya zauna a Damagaram yana kiran makaranta “lakwal”. Ɗalibin da ya ɗauki irin wannan a matsayin kuskure yakan kashe bakin ajinsa tun ranar farko, domin magidanci ba ya son yaro ya gyara masa magana a gaban jama'a.

Saboda haka ɗalibai masu himma sukan ware littafin rubutu na musamman, su bi kasuwannin mako da maƙera da majema suna tambayar sunayen kayan aiki, sannan su dawo aji a tantance yadda za a rubuta kowace kalma, musamman masu haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Daga cikin waɗannan kalmomi ake zaɓar na darasin farko, ana farawa da masu gaɓa biyu, kafin a kai ga rubuta suna da karanta takardar asibiti da saƙon waya.