Asibitin Dakka, Inda Jinya da Bincike Suke Zaune Gida Ɗaya

Da wuya a sami uwa a ƙasashenmu, ta birni ko ta karkara, wadda ba ta taɓa jin labarin ruwan gishiri da sukari ba, wato ɗan ƙunshin garin nan da ake zubawa cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba yaro idan gudawa ta kama shi. Amma saboda arharsa da sauƙin haɗa shi, kaɗan ne suke tsayawa su tambayi asalinsa, har wasu ma raina shi suke yi, suna ganin ba a yi wa ɗansu magani ba sai an soka masa allura. Alhali kuwa wannan ɗan gari ɗiyan bahasi ne na shekara da shekaru, wanda aka yi da awo da lissafi da haƙuri, har aka yi asarar rayuka kafin a kai ga tabbatar da shi, kuma babban kaso na aikin an yi shi ne a wani asibiti na birnin Dakka, hedkwatar ƙasar Bangaladash, inda likitan da yake jinyar mutum da safe shi ne yake zama da yamma yana nazarin abin da ya gani a jikinsa.

An kafa wurin a shekarar 1960, zamanin da ƙasar take Fakistan ta Gabas, a matsayin ɗakin binciken cutar kwalara, da taimakon Amurka da ƙawayenta. A 1962 aka buɗe asibiti a jikinsa, sa'an nan a 1978 hukumar Bangaladash ta yi doka ta mayar da shi cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken cututtukan gudawa, wadda duniya ta sani da haruffan icddr,b. Ba da ka aka zaɓi wurin ba. Ƙasar Bengal, inda kogin Ganjis da na Brahmaputra suke rarrabuwa su zuba cikin teku, ita ce tsohon gidan kwalara, daga can ne ta riƙa tashi tana zaga duniya tun daga 1817. Kuma annoba ta bakwai, wadda ta faro daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ita ce ta iso Afirka ta Yamma a 1970, dattawanmu ba su manta da ita ba.

Wanda bai taɓa ganin mai kwalara ba, ba zai iya ƙiyasta saurinta ba. Ƙwayar cutar tana zama cikin hanji ta fitar da dafi, dafin kuwa ya sa hanjin ya riƙa kwararo ruwan jiki da gishirinsa waje, har babban mutum ya iya zubar da lita guda cikin sa'a ɗaya, ruwa fari-fari wanda likitoci suke siffanta shi da ruwan wankin shinkafa. Mutumin da ya fita gona da ƙafarsa da hantsi, kafin la'asar idanunsa sun zurma, yatsunsa sun yamutse, muryarsa ta dushe, idan an mintsini fatar cikinsa sai ta tsaya a tattare, idan an laluba wuyan hannunsa ba a jin bugun jini. Idan ba a yi komai ba, rabin waɗanda ta yi wa mugun kamu suna iya mutuwa. Idan an mayar musu da ruwan da suka rasa a kan kari, ko ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa. Likitoci sun san haka tun tuni, gama tun 1832 wani likita ɗan Sikotilan, Thomas Latta, ya fara ɗura ruwan gishiri ta jijiya. Mushkilar ita ce ƙarin ruwa yana bukatar ruwa tatacce, da allura, da gwanin da zai sami jijiya a jikin da ya bushe, kuma majinyaci ɗaya yana iya shanye lita goma ko fiye. Ƙauyen da babu hanyar mota, ina zai sami wannan?

A nan ne ya kamata mai karatu ya dubi gadon kwalara da kyau, domin a ganina shi ne babban kayan aikin bincike na wannan asibiti, ya fi madubin hangen ƙwayoyin cuta muhimmanci a wannan ƙissa. Gado ne na katako ko ƙarfe, an shimfiɗa masa roba, an huda rami a tsakiyarsa daidai mazaunin majinyaci, a ƙarƙashin ramin kuma an ajiye bokiti mai zane-zanen awo; wani likitan sojan ruwan Amurka, Raymond Watten, shi ya tsara shi. Ma'aikaciyar jinya takan zo bayan 'yan sa'o'i ta durƙusa ta karanta inda ruwan ya kai, ta rubuta a takardar da ke rataye a ƙafar gadon, ta kuma rubuta adadin abin da aka ba shi ya sha ko aka ɗura masa. Aiki ne wanda rai ba ya so, ga wari ga ƙazanta, amma da shi ne zance ya tashi daga zato ya koma yaƙini, gama idan an san abin da ya shiga da abin da ya fita, to, ba sauran gardama a kan ko magani ya yi aiki ko bai yi ba.

Ilimin da aka gina a kansa ya zo ne daga wurare daban-daban. A 1959 Sambhu Nath De na Kalkata ya nuna da hanjin zomo cewa dafi ne yake haddasa zubar ruwan; a 1960 kuma Robert Crane ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata kafa wadda sinadarin sodiyam, wato jigon gishiri, yake bi tare da sukarin gulukos, kamar ƙofar da ba ta buɗuwa sai baƙin sun zo su biyu, kuma duk inda gishiri ya shiga ruwa yakan bi shi. Tambayar da ta rage ita ce, shin dafin kwalara ya lalata wannan kafa ko ya bar ta? Kyaftin Robert Phillips da mutanensa sun jarraba shayar da ruwan sukari da gishiri a Manila a 1962, amma haɗin ya yi kauri ƙwarai, cikin mutum 30 biyar suka rasu, abin da ya sa aka ja da baya aka yi shekaru ana tsoron hanyar. Sai a Dakka Norbert Hirschhorn da abokan aikinsa, a Kalkata kuma Nathaniel Pierce da nasa, suka tabbatar da awo cewa kafar tana nan lafiya lau ko da cutar ta kai matuƙa. A 1968 wasu samarin likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, tare da takwarorinsu 'yan ƙasa irin su Rafiqul Islam da Majid Molla, suka gane cewa asirin yana ga daidaita abin da ake sha da abin da bokiti ya nuna an zubar, ba a ƙayyade wa kowa mudu ɗaya ba. Suka jarraba a kan majinyata 29, bukatar ƙarin ruwa ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari, mujallar The Lancet ta buga sakamakon a wannan shekara.

Ba zan wuce nan ba sai na ambaci cewa wannan ɗabi'a ta rubuta halin majinyaci da gwada wani rukuni da wani ba baƙuwa ba ce ga tarihin Musulmi. Abubakar ar-Razi, wanda ya shugabanci asibiti a Rayyu da Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, ya tara irin waɗannan bayanai a littafinsa al-Hawi, har ya ambaci yadda ya yi wa wasu majinyata wani magani ya bar wasu da gangan don ya kai ga tahƙiƙi. Imam al-Gazali kuwa ya lissafta ilimin likitanci cikin farillan kifaya.

Abin da ya yi kyau a ɗakin asibiti ba lalle ne ya yi kyau a ƙauye ba, shi ya sa tun 1963 cibiyar ta buɗe reshe a Matlab, wata karkara mai yawan koguna a kudu maso gabas da Dakka, kuma daga 1966 ta fara rubuta kowace haihuwa da mutuwa da ƙaura a ƙauyukan wurin, ba ta fasa ba har yau. Can aka kai sabon ruwan aka sake jarraba shi. Jarrabawa mafi tsanani kuwa yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a 1971 ne ya kawo ta, sa'ad da mutane wajen miliyan 10 suka yi hijira zuwa Indiya, kwalara ta ɓarke a sansanin Bangaon, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama ruwan gishiri da sukarin cikin durom, dangi suna ɗiba da kofi suna shayar da majinyatansu, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6. Daga 1980 zuwa 1990 wata ƙungiya mai suna BRAC ta aika mata gida-gida a Bangaladash, suka koya wa iyaye mata na gidaje miliyan 12 yadda za su haɗa shi da rabin lita ta ruwa, da gishiri gwargwadon abin da yatsu uku suka tsinta, da cikin tafin hannu na mazarƙwaila. A 1980 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 ne gudawa take kashewa a duniya duk shekara; yanzu adadin ya sauko zuwa wajen rabin miliyan.

Asibitin Dakka yana karɓar fiye da mutum 100,000 a shekara kyauta, idan annoba ta yi ƙamari har tanti ake kafawa a harabarsa. A cikin wannan cunkoso akwai wata ƙa'ida mai hikima: kowane majinyaci na 50 da ya shigo, ko wane ne shi, ana neman izininsa a yi masa tambayoyi filla-filla, a kai bayan-gidansa ɗakin gwaje-gwaje a shuka shi a ga irin ƙwayar da za ta tsiro da maganin da ta daina ji. Da irin wannan tsaro ne masanan wurin suka kasance cikin na farko da suka gane sabon nau'in kwalara, O139, a ƙarshen 1992 da farkon 1993. Binciken wurin ya taimaka wajen shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yanke a 2002 ta rage kaurin haɗin, da wadda suka yanke a 2004 ta ƙara wa yaro ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. A Matlab aka yi babban gwajin rigakafin kwalara na sha a 1985, wata mai bincike, Firdausi Qadri, ta ci gaba da aikin a unguwannin talakawan Dakka, a 2013 aka kafa rumbun rigakafin na duniya, daga cikinsa aka kawo wanda aka ɗiga wa jama'a a Jihar Barno a 2017.

Sai dai bincike a jikin ɗan Adam amana ce mai nauyi, musamman idan majinyacin matalauci ne, ya zo a galabaice, ba shi da wani wurin zuwa. Mu kuwa da muka ga abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da wani kamfanin Amurka ya yi gwajin sabon magani wanda ya haɗa da yara wajen 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, aka yi shekaru ana shari'a, muna da hujjar yin tambaya. Sharuɗɗan da duniya ta yarda da su tun Sanarwar Helsinki ta 1964, da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, su ne a bayyana wa mutum komai da harshen da yake ji, ya yarda bisa raɗin kansa, a ci gaba da jinyarsa ko da ya ƙi, kuma wani kwamiti dabam ya duba tsarin tun kafin a taɓa kowa.

Misalin kiyaye wannan amana shi ne aikin Mohammod Jobayer Chisti, likitan yara a wannan asibiti, wanda ya ga wata na'urar taimakon numfashi mai tsada a Ostareliya, ya dawo gida ya kwaikwaye ta da robar sabulun wanke gashi. Ana cika robar da ruwa, a tsoma bakin bututun da yaro yake fitar da numfashi ta cikinsa, ruwan ya riƙa ɓulɓulo da kumfa, nauyin ruwan kuwa ya mayar da ɗan matsi cikin huhu ya hana ƙananan jakunkunansa rufewa. An gwada ta a kan yara 225 masu matsanancin ciwon huhu: cikin waɗanda aka sa wa robar kashi 4 cikin ɗari suka rasu, cikin waɗanda aka ba iskar oksijin yadda aka saba kashi 15. Da kwamitin sa ido ya ga wannan tazara sai ya tsayar da gwajin tun bai kai adadin da aka yi niyya ba, domin ba ya halatta a ci gaba da ba wani yaro abin da aka riga aka ga alamar ya gaza. An buga sakamakon a 2015, daga baya kuma aka kai dabarar asibitocin ƙasar Habasha aka sake jarraba ta a can.