Kifin Ado Mai Faɗa Ba Ya Zama A Ƙaramin Akwati

Duk wanda ya saba shiga manyan otal-otal da ofisoshi da gidajen masu hali a Ikko ko Kaduna ko Kano, ba zai rasa cin karo da akwatin gilashi cike da ruwa ba, 'yan kifaye masu launi suna ta kai da kawowa a ciki. Abin gwanin ban sha'awa, har yakan sa magidanci ya ce shi ma sai ya sayo wa yaransa. To, a nan ne ake tafka kuskuren da ke halaka kifayen nan da yawa, watau a sayi ɗan ƙaramin akwati domin araha, a zuba masa kifin da ba ya iya zaman ƙunci. Kafin wata ya zagayo sai a ga wutsiyoyi sun yayyage, ana ta tsame gawa ɗaya bayan ɗaya, maigida yana zargin mai kanti ya sayar masa da marasa lafiya. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza.

Kifin da ya fi dacewa a yi misali da shi, shi ne wanda masu sayarwa ke kira taiga-bab. Asalinsa daga ƙoramun tsibiran Sumatara da Borniyo ne, can kudu maso gabashin Asiya, kuma wani likita masanin kifaye, mutumin ƙasar Holan, mai suna Pieter Bleeker, shi ya fara bayyana shi a rubuce cikin 1855. Jikinsa ruwan zinariya ne, da baƙaƙen zane guda 4 a tsaye, fikafikansa kuma da ɗan ja. Tsawonsa ba ya wuce santimita 7, in kuwa ya sami kulawa yakan yi shekara 5 ko fiye. Wannan ƙanƙanta tasa ita ke ruɗin mai saye, ya ɗauka ko a kwalba ma zai zauna.

Abin da mai saye bai sani ba shi ne, kifin nan a garke yake rayuwa, kuma garken akwai shugaba da na biye. Ta hanyar kora da cizo suke gane wane ne gaba da wane, musamman mazansu. Idan suna da yawa, sai fitinar ta rarrabu, wanda aka kora yanzu ya ɓace cikin 'yan'uwansa, mai korar ya koma kan wani, ba wanda zai sha wuya har ya galabaita. Amma idan biyu ne ko uku kawai, sai ƙaƙƙarfan ya sa raunanan gaba, ya hana shi ci, ya hana shi sakat. In kuwa akwai wani irin kifi mai dogayen fikafikai da tafiyar ƙasaita, kamar anjel na kogin Amazon ko beta na ƙasar Tailan, to, kansa za su taru, su yi ta tsinkar fikafikansa har cuta ta shiga raunin.

Saboda haka ne waɗanda suka daɗe cikin kiwon nan suke ba da shawara kada a ajiye ƙasa da guda 6, kuma 8 ko 10 sun fi. Irin wannan garke kuwa yana bukatar akwatin da bai gaza lita 80 ba, watau fiye da jarka 3 masu lita 25. Tsawon akwatin ya fi tsayinsa muhimmanci, gama kifin mai gudu ne, fili yake so. Lissafin ba wuya: a auna tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a riɓanya su, a raba da 1,000. Akwati mai 80 da 30 da 35 zai ci lita 84. Mai 40 da 20 da 25, irin wanda ake ɗorawa kan teburi, lita 20 kacal yake ci.

Ke nan mai ƙaramin akwati ya shiga tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki. In ya sa kaɗan, su kashe juna da faɗa. In ya sa da yawa domin a rage faɗan, ruwan ne zai kashe su. Dalili kuwa, kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya ta kafofin numfashinsa, ragowar abinci da kashinsa ma in sun ruɓe ita suke haifarwa. Akwai waɗansu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin na'urar tace ruwa, su ke juya amoniya ta koma naitirayit, wadda ita ma guba ce mai hana jini ɗaukar iskar oksijin, daga nan ta koma naitiret mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su wadata a sabon akwati. A ruwa mai yawa gubar takan tsarma, a ruwa kaɗan kuwa nan da nan take taruwa.

Har wa yau ga matsalar zafi. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe oksijin wajen miligiram 9, amma a digiri 30 bai fi 7 da rabi ba, gubar amoniya kuma ƙara kaifi take yi in ruwa ya ɗumama. Ƙaramin akwati shi ya fi saurin ɗaukar zafin bazara, in kuma wuta ta ɗauke, na'urar hura iska ta tsaya, shi ne farkon wanda numfashi zai ƙare a cikinsa.

Masana ma sun duba sha'anin fili da faɗa. Cikin 2011, Ronald Oldfield na Jami'ar Case Western Reserve a Amurka ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani kifi mafaɗaci daga Amurka ta Tsakiya, mai suna midas. Ya tarar faɗa ya ragu ƙwarai a babban akwati mai wuraren ɓuya iri-iri. Ko da yake wannan wani jinsi ne dabam, darasin ɗaya ne: wanda ake kora yana bukatar inda zai gudu da inda zai ɓuya.

Akwai kuma wata magana da ake yawan ji, wai kifi daidai girman akwatinsa yake tsayawa. Gaskiyar lamarin, tsumburewa yake yi saboda gurɓataccen ruwa da takura, kamar dai yaron da bai sami abincin kirki ba.

Alamun wahala ba su ɓuya. Za a ga fikafikai sun tsattsage, launi ya koɗe, ɗaya ya maƙale a kusurwa ba ya fitowa cin abinci, ko duk sun taso sama suna haki. Wani lokaci kuma ƙananan fararen ɗigo kamar gishiri su feso a jiki, cutar da ta fi kama kifin da ya jigata.

Magani na haƙiƙa shi ne babban akwati, da ciyayi da duwatsu a gefe, a bar fili a tsakiya, a kuma raba su da masu dogayen fikafikai. Kafin a samu, a riƙa sauya kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan kowane mako, in akwatin ya cika cunkoso a yi fiye da sau ɗaya. Ruwan famfo a sa masa maganin kulorin, ko a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Kada a wanke soson na'urar tacewa da ruwan famfo, sai da wanda aka ɗebo daga akwatin, don kada ƙwayoyin nan masu amfani su mutu. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti 2 ya isa.

Wanda ba shi da halin babban akwati, ba abin kunya ba ne ya mai da kifayen wurin mai kanti, ko ya ba wanda ke da fili. Kifi dai ba ya kuka a ji, amma rai ne, kuma duk wanda ya tsare shi cikin gilashi, haƙƙinsa yana wuyansa.