Ka Tambayi Albashi, Ka Tambayi Lokacin Tashi Kuwa?

Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki wajen neman aiki, ni dai na kasa gane dalilinta. Mutum zai yi ta zarya har a ce an ɗauke shi, tambayarsa guda ce kacal: nawa ne a wata? Ana faɗa masa sai ya durƙusa ya yi godiya, ya ce yaushe zai fara. Ƙarfe nawa zai shigo, ƙarfe nawa zai tashi, wace rana ce ta hutunsa, in an riƙe shi bayan lokaci me za a ƙara masa, duk ba ya tayar da zancen, wai kada maigida ya ce ya cika iyayi tun bai kama aiki ba. Bayan wata uku sai ka gan shi ya zabge, idanu jajir, yana cewa ana zaluntarsa. Ana zaluntarsa kam, amma shirun da ya yi ranar farko shi ya ba da ƙofa.

Masu gadi su suka fi kowa shan wannan wahala, musamman waɗanda kamfanonin tsaro ke turawa bankuna, asibitoci da gidajen masu hali. A baki an ce masa diyutinsa daga shida na safe ne zuwa shida na yamma. Shida ta yi, an kira magariba, mai karɓarsa bai zo ba. Ya buga wa sufabaiza waya da ɗan ragowar katinsa, amsar kullum ita ce: "Yi haƙuri Baba, riƙe wurin, yanzu zan turo wani." Shi ma ya san ba mai zuwa. Tafiya kuma ba ta yiwuwa, don ko allura ta ɓata a daren nan shi za a fara kai wa ofishin 'yan sanda. Haka zai kwana a kan benci da tocila da buta, sauro na cizo, abincin da ya taho da shi tun safe ya ƙare, iyalinsa na can suna jiran cefane. Gari na wayewa kuma diyutinsa na ainihi ya sake kamawa. Ranar biya sai a ba shi daidai abin da aka saba, ko sisi ba ƙari. Amma ranar da ruwan sama ya tsare shi ya makara, ai kafin ya cire rigar ruwa an rubuta masa tara. Ka ce masa ya yi magana, sai ya ce: "To ya za mu yi? Da babu gara ba daɗi."

Mu ɗan yi lissafi. Awa 12 kullum, kwana bakwai ba fashi, awa 84 ke nan a mako, awa 360 a wata mai kwana 30. A ce ma an yi masa adalcin ba shi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kuɗin awarsa guda bai kai naira 200 ba. Da yawansu kuwa ba su taɓa ganin wannan adadi ba, don dokar albashin ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Wannan duk ban sa dararen da ya kwana a madadin wani ba.

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. Kowa ka tambaya zai ce maka doka ta ce awa takwas. A Nijar haka abin yake kusan, dokar ƙwadagonsu ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako. Ghana ma dokarta ta 2003 ta faɗa ƙarara, awa takwas a rana ko 40 a mako. Amma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta tun 1974 ne, ba ta yanka wa baligi adadin awanni ba. Sashe na 13 cewa ya yi lokacin aiki shi ne wanda aka tsayar ta ɗayan hanyoyi uku: yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko abin da ƙungiyar ma'aikata ta cimma da masu kamfani, ko abin da hukumar tsara albashi ta wannan sana'a ta yanke. Duk abin da aka sa mutum ya yi sama da wannan, shi ne obataim. Nawa za a biya kan kowace awa ta obataim? Nan ma ba ta sa farashi ba, ta bar wa yarjejeniya.

To, ka ga illar shirun nan. Wanda bai tsayar da lokacin tashi ba, da me zai auna abin da ya haura? Ka je ka ce an riƙe ka har goma na dare, sai maigida ya ce ai dama haka aikin yake. Me za ka nuna?

Ba wai dokar ta bar ma'aikaci a tutar babu ba ne. Wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma hutu na gaske, wanda zai iya barin wurin ya je sha'aninsa. Cin garau-garau a tsaye bakin famfon mai, ana ci ana leƙen mota, ba ya cikin lissafi. A cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. In an ci masa wannan rana, dole a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi da kuɗin obataim. Bayan shekara guda yana aiki, yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa, ba a sa shi aikin da ya wuce awa takwas a rana, ko awa huɗu a jere. Masu gidajen burodi da ke kwana da yara a bakin tanda su ji da kyau. Wannan kariya ta 'yan ƙwadago ce da ƙananan ma'aikatan ofis; manajoji da ƙwararru irin su likitoci da lauyoyi, su abin da ke cikin takardar ɗaukarsu shi ne madogararsu.

Babban makamin yana sashe na 7, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Kafin cikar wata uku da fara aiki, wajibi ne mai aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce mai bayyana irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Wajibi ne, ba alfarma ba ce. Amma ka zaga shagunan kasuwa, gidajen mai, ƙananan masana'antu, makarantun kuɗi inda malama ke tashi daga aji ta shiga darasin yamma ta dawo ranar Asabar, ka tambayi mutum nawa ke da wannan takarda. Wasu ma an ba su, sun dangwala hannu ba su karanta ba. Wasu sun ninke ta a aljihu har aka wanke ta da wando. Mutumin da zai sayi tsohon babur ya nace sai an rubuta masa shaida da sa hannun mutum biyu, shi ne zai sayar da yininsa da darensa ba ko ƙyallen takarda. Wannan wane irin ganganci ne?

Saboda haka, tun ranar farko a yi maganar, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa ne tashi, kuma in aiki ya riƙe ni yaya za a yi?" Abin da aka amsa a sa shi a rubuce. In ba ka iya karatu ba, kai wa ɗanka ko wani amintacce ya karanta maka kafin ka sa hannu, ka ɗauki hotonta da waya, asalin kuma a adana a gida. Sannan ka sayi ƙaramin littafi, kullum ka rubuta kwanan wata, lokacin shiga, lokacin fita, da sunan wanda ya ce ka tsaya. In akwai rajistar shiga da fita, ka rubuta lokacin gaskiya, kada wani ya ce ka sa shida alhali tara ta wuce. In ta waya aka ce ka kwana, ka roƙi a turo saƙo, kuma kada ka goge. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku yana sauraren irin wannan koke, in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa har a Kano da Kaduna. Sai dai alƙali ba ya aiki da rantsuwar "wallahi na sha kwana a wurin." Zai tambaye ka wace rana, awa nawa, ina shaida. Kuma ku riƙa tafiya tare. Mutum ɗaya ana iya korarsa da safe, goma kuwa sai an zauna da su.

Masu ɗaukar aiki kuma, musamman mu da ke da yaro ɗaya ko biyu a shago, kada mu ɗauka da manyan kamfanoni kaɗai ake. "Ai ɗan gida ne" ba hujja ba ce ta riƙe ɗan mutane daga hantsi har sha ɗaya na dare a kan kuɗin da aka yi ciniki na yini. Haƙƙi ne, kuma ba ya ruɓewa. Ga shi asarar kan dawo kan mai ita: direban da bai runtsa ba shi ke kifar da mota da kaya, mai gadin da ya yi kwana biyu a tsaye barci ne zai sace shi kafin ɓarawo ya iso.

Hutun ɗaya ga Mayu da muke murna da shi ya samo asali ne daga yajin aikin da ma'aikatan Amurka suka yi a 1886, har aka zubar da jini a birnin Chicago, a kan neman awa takwas. A ƙasar nan kuwa gwamnatin Abubakar Rimi ta Kano ta ayyana shi a 1980, kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya a 1981. A ranar ma mai gadi yana bakin ƙofa. Mai karatu, in kana aiki a ƙarƙashin wani kuma ba ka da takardar da ta faɗi lokacin tashinka, ka neme ta cikin makon nan. In kuma kai ne ke da ma'aikaci, rubuta masa tun kafin ya tambaya.